SIR NEVILL MOTT (1905 - 1996): SHEHUN MALAMIN DA YA BI DIDDIGIN ABUBUWAN DA SUKA ƘI BARIN LANTARKI YA WUCE

Da Edita ya aiko mini cewa ni ne zan cike filin tarihin mashahuran mutane na wannan fitowa, sai na yi shiru ina tunanin wanda zan ɗauko. Daga ƙarshe na yanke shawarar in kawo muku wani Bature mutumin Ingila, wanda na tabbata da yawanmu ba su taɓa jin sunansa ba, wato Sir Nevill Mott, shehun malami a fannin kimiyyar fiziks. Dalilina zai fito a gaba, sai dai a yi haƙuri da ni.

'Yan ajinmu za su tuna ranar da malaminmu na fiziks, Allah Ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya shigo mana muna aji biyar riƙe da batir biyu na tocila, da ɗan ƙaramin ƙwan fitila, da guntayen waya. Ya riƙa karɓar kayan da ke aljihunmu yana sa su tsakanin bakin wayoyin biyu. Da ya sa mabuɗi, ƙwai ya kama. Da ya sa cokali, ya kama. Da ya sa rula ta roba da guntun alli, ko ƙyas. Sai ya raba allo gida biyu, ya jera masu barin lantarki ya wuce a dama, masu tare shi a hagu. Wani daga cikinmu, wanda yanzu babban ɗan kasuwa ne, ya ɗaga hannu ya tambayi dalilin wannan bambanci. Malam ya bayyana mana cewa akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ake kira ilektiron, waɗanda a cikin ƙarfe suke yawo sakaka, a cikin roba kuwa suke a ɗaure. Har ya juya zai share allo, sai ya ƙara da cewa akwai wasu abubuwa da lissafin littafi ya ce wurinsu dama, amma in an gwada sai a same su a hagu, kuma duk wanda ya ci gaba da fiziks a cikinmu zai gamu da su. Nan aka kaɗa ƙararrawa. Ni kuwa sai da na kai shekarar ƙarshe a jami'a na gamu da su, kuma na tarar sunan Mott suke amsawa.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Nevill Francis Mott ranar 30 ga watan Satumba na 1905 a birnin Lids da ke arewacin Ingila. Ɗan gado ne, domin mahaifinsa Charles Mott da mahaifiyarsa Lilian Reynolds duk sun yi aikin bincike a ɗakin gwaje-gwaje na Cavendish da ke Jami'ar Kambirij, a ƙarƙashin J. J. Thomson, mutumin da ya gano ilektiron a 1897. Mahaifin ya koyar da kimiyya a makarantar sakandare, daga baya ya zama daraktan ilmi na birnin Libaful. Mahaifiyar ce ta koyar da yaron a gida har ya shekara goma. Bayan haka ya yi karatu a kwalejin Clifton da ke Biristol, sannan ya wuce kwalejin St John's a Kambirij inda ya karanta lissafi.

Ya taki sa'a, domin yana ɗalibi ne aka samu wani gagarumin sauyi a fiziks. A 1925 da 1926 Werner Heisenberg da Erwin Schrödinger suka fito da sabon ilmin da ake kira kwantam, wato dokokin da ke tafiyar da abubuwa masu tsananin ƙanƙanta irin su atam da ilektiron. A cikin wannan ilmi, ilektiron yana da ɗabi'ar ƙwaya, yana kuma da ɗabi'ar igiyar ruwa. Malamai kaɗan ne suka fahimce shi a Ingila a lokacin, saboda haka Mott ya zauna ya koya wa kansa daga maƙalolin da ke fitowa, waɗanda yawancinsu da Jamusanci aka rubuta. A 1928 ya tafi Kwapanhagin ta ƙasar Denmak ya zauna a cibiyar Niels Bohr, inda ya ga yadda manyan masana ke yini suna musu a kan ma'anar abu kafin su taɓa lissafinsa.

Aikinsa na farko da ya fito da shi shi ne lissafin yadda ilektiron ke karkacewa idan aka harba shi ya wuce kusa da tsakiyar atam, wanda ya buga a 1929. Har yau akwai na'urar awo mai amsa sunansa da aka gina a kan wannan lissafi. Ya koyar na shekara guda a Jami'ar Mancesta, ya koma Kambirij a 1930. A wannan shekarar ce ya auri Ruth Horder, suka haifi 'ya'ya mata biyu.

KOMAWARSA BIRISTOL

A 1933 Jami'ar Biristol ta ba shi kujerar farfesa, bai wuce shekara 28 ba. A can ya tarar da masana irin su Harry Jones da Herbert Skinner suna ta fama da binciken ƙarafa. Maimakon ya ce su biyo shi zuwa fannin da ya riga ya yi suna a kai, sai shi ya koma nasu. Abokansa na Kambirij a lokacin hankalinsu yana kan tsakiyar atam, abin da daga baya ya haifar da makamashin nukiliya, kuma da yawa suna yi wa binciken ƙarafa kallon aikin maƙera. Cikin shekara uku, wato a 1936, shi da Jones suka fitar da littafi a kan halayen ƙarafa da gaurayensu wanda aka daɗe ana karantawa a jami'o'i, kuma a shekarar aka zaɓe shi cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Ingila, wato Royal Society. A 1938 shi da Ronald Gurney suka bayyana abin da ke faruwa a jikin fim ɗin hoto idan haske ya taɓa shi, abin da masu ɗaukar hoto suka shekara kusan ɗari suna amfani da shi ba tare da an san dalilinsa ba. Har ila yau, sashen nasu ya zama mafaka ga masanan da suka gudo daga mulkin Hitila, kamar Herbert Fröhlich da Walter Heitler.

Halin aikinsa ya bambanta da na yawancin masu lissafi. Ba ya son dogon lissafi mai cika shafuka. Yakan zaga wurin masu gwaji ya ga abin da suka auna, ya nemi hoto mai sauƙi da zai bayyana shi, sannan ya yi ɗan taƙaitaccen lissafi ya ga ko lambobin za su zo daidai.

TARON 1937 DA ABIN DA YA ƁULLO A CIKINSA

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar labarin. Kafin a gane abin da Mott ya yi, sai an san abin da masana suka yarda da shi kafinsa.

Mu ɗauki ajinmu na da, mai bencuna a jere, kowane benci na mutum biyu. Bencunan su ne atam-atam da ke jere a cikin ƙarfe ko dutse, ɗalibai kuwa su ne ilektiron. Tafiyar lantarki ita ce ɗalibai su riƙa matsawa daga wannan benci zuwa na gaba, duk suna nufar ɓangare guda. Idan kowane benci yana ɗauke da mutum biyu, aji ya cika, ba inda wani zai matsa, to wannan abu ya zama mai tare lantarki. Idan kuwa kowane benci mutum ɗaya ne a kai, rabin wuraren zama a sake suke, kowa na iya matsawa, to wannan shi ne ƙarfe. Wannan bayani, in an cire lissafinsa, shi ne ƙa'idar da Alan Wilson ya kafa a 1931, bisa aikin da Felix Bloch ya yi a 1928. Ƙa'ida ce mai ƙarfi ƙwarai. Ta bayyana ƙarafa, ta bayyana masu tare lantarki, ta kuma bayyana 'yan tsaka-tsaki irin su silikon da jamaniyam, waɗanda da irinsu aka ƙera tiransista a 1947, uwar rediyo da kwamfuta da wayar da ke aljihun kowannenmu. Sai dai tana da wani sharaɗi a ɓoye, wato ta ɗauka kowane ilektiron yana tafiyarsa ne kamar shi kaɗai, bai damu da wanda ke kusa da shi ba.

To, a 1937 aka yi wani taron masana a Biristol. Wasu masana biyu daga ɗakin binciken kamfanin Philips da ke ƙasar Holan, J. H. de Boer da E. J. W. Verwey, suka gabatar da wani abu mai ɗaure kai. Suka nuna cewa akwai wasu sinadarai, musamman haɗin ƙarfen nikel da iskar oksijin, waɗanda wuraren zamansu ba su cika ba. A jikin kowane atam na nikel ɗin akwai wuri goma, takwas ne kawai ke da mai shi. Bisa ƙa'idar Wilson, ya kamata wannan sinadari ya bar lantarki ya wuce kamar jan ƙarfe. Amma da aka auna, sai aka tarar yana tare shi. Ga wuri a sake, ga ɗalibai, amma ba mai motsi.

Abu ne mai sauƙi a ce ai gwajin ne ke da kuskure, ko a ce sinadari ɗaya ko biyu ba za su girgiza ƙa'idar da ta bayyana ɗaruruwa ba. A muhawarar da ta biyo baya, wadda aka buga da sunan Mott da Rudolf Peierls, wani masani da ya yi hijira daga Jamus, an kawo shawarar cewa mai yiwuwa laifin na wancan ɓoyayyen sharaɗi ne. Ilektiron duk caji iri ɗaya gare su, kuma mun sani tun daga aji huɗu cewa caji iri ɗaya ture juna suke yi. Mu koma ajinmu. A ce ɗaliban nan ba sa ga-maciji da juna, kowa ya gwammace ya zauna shi kaɗai, don Hausawa sun ce zo mu zauna zo mu saɓa. Kowane benci mutum ɗaya ne a kai, amma duk wanda zai matsa, dole ya je ya haɗa benci da wani. Idan wahalar haɗa bencin ta fi ribar matsawar, sai kowa ya lafe a inda yake. Rabin aji a sake, amma an yi cirko-cirko. Irin wannan abu shi ake kira matarin lantarki na Mott.

Wannan tunani bai nuna nan take ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, aka ja Mott zuwa aikin soja, inda ya yi bincike a kan na'urar hango jirage da kuma yadda harsashin igwa ke tarwatsewa. Bayan yaƙi ya koma Biristol, ya zama shugaban ɗakin gwaje-gwajen fiziks a 1948. Sai a 1949, shekara 12 bayan wancan taro, ya fitar da maƙalar da ta kafa maganar da ƙafafunta.

Hujjar da ya kawo kowa zai iya bin ta. A ɗauki jerin atam masu ilektiron ɗaya-ɗaya, a yi ta nisanta su da juna a hankali. Tsohuwar ƙa'ida ta ce komai nisan da aka yi musu suna nan a matsayin ƙarfe, tun da rabin wurare a sake suke. Hankali kuwa ba zai karɓi wannan ba, domin in an raba su da nisa sosai kowane ilektiron zai manne wa nasa atam ne kawai. Ashe ke nan akwai wata tazara da in an kai ta, ƙarfe zai daina zama ƙarfe. Haka kuma in an juya, aka matse mai tare lantarki har atam ɗinsa suka kusanci juna, zai rikiɗe ya koma ƙarfe. Mott ya ƙara da cewa wannan rikiɗa farat ɗaya za ta auku, domin ilektiron kaɗan ba za su iya 'yantar da kansu ba, sai dai su kuɓuta da yawa a lokaci guda, kowanne yana kare ɗan uwansa daga jan da atam ke yi masa. Daga baya ya ba da ma'auni: rikiɗar tana zuwa ne idan tazarar da ke tsakanin ilektiron ta ragu zuwa kamar ninki huɗu na nisan da kowannensu ke zagayawa daga tsakiyar atam ɗinsa. A 1978 Peter Edwards da Michell Sienko suka tattara awon sinadarai iri-iri, suka tarar wannan ɗan sauƙaƙan ma'auni ya yi daidai da su.

Wasu suka ɗora daga nan. A 1963 John Hubbard, wani masani a cibiyar binciken nukiliya ta Harwell a Ingila, ya mayar da hoton Mott zuwa lissafi mai lambobi biyu kacal: ɗaya na ƙarfin sha'awar tsallakawa zuwa benci na gaba, ɗaya na tsadar haɗa benci. A ido lissafin kamar wasan yara, amma jeri guda kawai aka iya warware shi ɗungurungum, a 1968. Na shimfiɗa mai tsawo da faɗi kuwa, har yau manyan kwamfutoci ne ke ta fama da shi. A wajajen 1970 kuma masana a ɗakin binciken Bell da ke Amurka suka nuna rikiɗar a zahiri a jikin wani haɗin ƙarfen banadiyam da oksijin, inda ɗan matsi ko ɗan barbaɗen wani ƙarfe ke juya shi daga wannan hali zuwa wancan.

SHUGABANCI DA KOMAWA BINCIKE

A 1954 aka naɗa Mott kujerar Cavendish a Kambirij, wato shugaban ɗakin gwaje-gwajen da iyayensa suka yi aiki a ciki. Shi ne na shida a kan kujerar, bayan Maxwell da Rayleigh da Thomson da Rutherford da Bragg. Da zuwansa ya dakatar da shirin gina wata babbar na'urar harba ƙwayoyin atam, don ya ga kuɗin da ke hannu ba za su kai a yi gogayya da Amurka a wannan fage ba, ya karkata ƙarfi zuwa inda za a iya yin fice. Ya shugabanci kwalejin Gonville da Caius daga 1959 zuwa 1966, kuma a 1962 Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar Sir. Iyayenmu malamai za su so su ji cewa bai raina makarantun sakandare ba, domin ya sa hannu sosai a aikin gidauniyar Nuffield na gyara koyar da kimiyya, wanda manufarsa ita ce yaro ya taɓa kayan gwaji da hannunsa maimakon haddar abin da ke allo. Yana kuma cikin masanan ƙungiyar Pugwash masu neman a rage makaman ƙare-dangi. Wani kwamiti da ya shugabanta ya ba da rahoto a 1969 wanda ya buɗe hanyar kafa unguwar masana'antun kimiyya a gefen Kambirij.

Yana da kimanin shekara 60, lokacin da tsararrakinsa ke shirin hutawa, sai ya buɗe sabon fage. Duk ƙa'idojin da aka sani an gina su ne a kan abubuwan da atam ɗinsu ke jere reras kamar sahu. To yaya ilektiron ke tafiya a cikin abin da atam ɗinsa ke a hargitse, kamar gilashi? Tun 1958 wani Ba'amurke, Philip Anderson, ya nuna cewa hargitsi shi kaɗai yana iya daskarar da ilektiron wuri guda, amma mutane ƙalilan ne suka kula da maƙalar. Mott ne ya ɗauke ta ya yi ta tallata ta, ya haɗa ta da awon masu gwaji, ya fitar da dokar yadda ilektiron ke tsalle daga wannan maɓoya zuwa waccan a irin waɗannan abubuwa. Wannan fage shi ne tushen fahimtar sinadaran da aka yi amfani da su a injin kwafe takardu, da wasu nau'o'in farantan sola, da fuskokin talabijin na zamani. Ya sauka daga kujerar Cavendish a 1971, amma bai ajiye alƙalami ba. A 1974 ya fitar da littafi sukutum a kan rikiɗar ƙarfe zuwa mai tare lantarki. A 1977, yana da shekara 72, aka ba shi kyautar Nobel tare da Anderson da John Van Vleck.

ABIN DA SHEKARA 49 TA HAIFAR

Tun 1911 Heike Kamerlingh Onnes ya gano a Jami'ar Laidin ta Holan cewa idan aka sanyaya zaiba zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri, lantarki na ratsa ta ba tare da wata turjiya ba ko kaɗan, wato ba ya zafi, ba ya raguwa a hanya. Irin waɗannan wayoyi ne ke cikin manyan na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki na asibiti. Matsalar ita ce wannan sanyi sai da ruwan iskar hiliyam, mai ɗan karen tsada.

A 1986 Georg Bednorz da Alex Müller, a ɗakin binciken kamfanin IBM da ke Zurik ta ƙasar Suwizalan, suka sami wannan hali a wani sinadari mai kama da tangaran, mai ɗauke da jan ƙarfe da oksijin, a wajen digiri 238 ƙasa da sifiri. A 1987 masana a jami'o'in Hustan da Alabama ta Amurka suka sami ɗan uwansa mai aiki a digiri 180 ƙasa da sifiri, wanda ruwan iskar naitirojin mai araha ya isa ya sanyaya shi. Duniyar fiziks ta ɗauki ɗumi. To, abin mamaki, da aka duba uwar waɗannan sinadarai, wato kafin a yi musu barbaɗe, sai aka tarar matarin lantarki na Mott ce, kamar yadda Anderson ya nuna a 1987. Ajin nan ne da kowa ya lafe a bencinsa. Da an cire 'yan ɗalibai kaɗan an bar wasu bencuna fayau, sai sauran su shiga tafiya bibbiyu ba abin da ke tare su. Abin da aka kawo a 1937 a matsayin bauɗaɗɗen sinadari mai ɓata lissafi, bayan shekara 49 ya zama ƙofar ɗaya daga cikin manyan binciken ƙarnin.

Mott yana da shekara 81 a lokacin, amma ya shiga fagen. Shi da Alexandre Alexandrov suka kawo nasu bayanin, suka rubuta littattafai biyu a kai. Yawancin masana ba su bi ra'ayinsu ba, kuma har yau ba a haɗu a kan bayani guda ba. A ƙarshen rayuwarsa ya kuma yi rubuce-rubuce a kan dangantakar kimiyya da addini, domin ya rungumi zuwa coci ne bayan ya manyanta, kuma bai ga saɓani tsakanin bincike da imani da Ubangiji ba. Ya mutu ranar 8 ga watan Agusta na 1996 a garin Milton Keynes, saura 'yan makonni ya cika shekara 91.

Bayan mutuwarsa aikin bai tsaya ba. A 2002 masana a birnin Munik na Jamus suka jera atam masu tsananin sanyi a cikin raga ta hasken leza, suka ga rikiɗar Mott tana aukuwa a gabansu. A 2014 aka shimfiɗa wayar lantarki marar turjiya mai tsawon kilomita ɗaya a birnin Esen na Jamus, wadda aka yi da irin sinadaran nan na jan ƙarfe. A 2018 ƙungiyar Pablo Jarillo-Herrero a jami'ar MIT ta Amurka ta ɗora falle biyu na kabon, irin na bakin fensir, kowanne kaurin atam ɗaya, ta ɗan karkata na sama da digiri 1.1, sai ga shi ya nuna hali mai kama da na matarin Mott, da aka ɗan ƙara masa ko rage masa ilektiron kuma ya bar lantarki ya wuce ba turjiya. Wannan fanni, na sinadaran da ilektiron ɗinsu ke tsananin tasiri a kan juna, yana cikin manyan fagagen bincike a sassan fiziks na jami'o'in duniya. Burin da ake hange shi ne a sami wayar da za ta yi wannan aiki a yanayin zafin ɗaki. Mu da muka yi karatun dare da fitilar ƙwai ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan darajar wutar da ba ta zubewa a hanya.

DALILIN DA YA SA NA ZAƁE SHI

Ni dai ban zama masanin fiziks ba. Bayan bautar ƙasa aikin gwamnati na samu, kuma yau fayil-fayil ne ke gabana. A wannan aiki na ga yadda ake yi idan kuɗi suka yi ƙaranci: layin bincike da na kayan ɗakin gwaji su ne farkon waɗanda jan biro ke hawa, domin tambayar da ake yi kullum ita ce me abin zai kawo a wannan shekara. Ni kaina na sha yin wannan tambaya, kuma ba laifi ba ce, tun da dukiyar jama'a amana ce. Amma duk lokacin da na yi ta sai in tuna cewa da an yi wa de Boer da Verwey ita a 1937, ko Mott a 1949, ba su da amsar da za ta gamsar da mai riƙe da biro.

A taronmu na shekara-shekara da ya wuce an yi muhawara a kan inda za a sa gudummawar da muka tara, ko a sabunta ƙofar makaranta, ko a gyara ɗakin gwaje-gwaje. An ɗage maganar zuwa zama na gaba. Bayan an tashi na zaga ɗakin, na leƙa ta taga. Teburan nan da muka sani suna nan, amma kabad ɗin kayan aiki kusan wayam, kuma wani ɗalibi da na tarar a wurin ya shaida mini cewa yawancin gwaje-gwajen a allo ake zana musu su. Ba na zargin kowa, don na san halin da ake ciki. Ina dai roƙon 'yan uwa, idan an zo zama na gaba, mu tuna cewa batir biyu da ƙwan tocila ne suka sa ɗan ajinmu ya yi tambayar nan, kuma tambayar tasa ita ce wadda Mott ya shekara kusan 60 yana bi. Ƙofa za ta iya jiran baɗi. Yaran da ke aji biyar bana kuwa, baɗi suna shirin fita.

Daga ƙarshe ina miƙa godiya ta musamman ga malaminmu na fiziks. Malam, abubuwan nan da ka ce za mu gamu da su, na gamu da su, ga shi kuma na kawo rahoto, ko da yake a makare. In akwai kuskure a bayanina, jan bironka na nan, a gyara mini kamar yadda aka saba.